Daga Takardar Tambayoyi Zuwa Lissafin Alaƙa: Jagora Ga Mai Binciken Halayyar Ɗan Adam a Zangon Kumasi

Da yawa daga ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam da na lafiyar al'umma, a Jami'ar Ghana da ke Legon ko a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, aiki iri ɗaya suke zaɓa: a auna abubuwa biyu a wurin mutane, a duba ko suna tafiya tare. Damuwa da barci, yawan riƙe waya da sakamakon jarrabawa, bashi da rashin kwanciyar hankali. Lissafin kansa ba ya cin minti ɗaya a kwamfuta. Abin da ke yanke hukuncin ko lambar da ta fito tana da ma'ana shi ne takardar tambayoyin da aka shiga unguwa da ita watanni kafin nan. Duk aibin da ke cikin tambaya sai ya biyo ta har cikin sakamako, kuma babu manhajar da za ta cire shi.

Za mu bi misali guda tun daga farko: alaƙar damuwa da tsawon barci a tsakanin 'yan kasuwar Aboabo da Asawase, a ƙaramar hukumar Asokore Mampong. Duk alkaluman da ke cikin misalin na koyarwa ne kawai.

Fara da tsayar da abin da za ka auna

Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, rubuta jimla biyu a takarda. Ta farko ta faɗi abin da kake nufi da kowane abin aunawa. Kalmar damuwa a bakin mutanenmu tana ɗauke da matsin rayuwa, da fargaba, da baƙin ciki mai daɗewa, alhali a wannan fanni kowanne da ma'auninsa daban. Idan matsin rayuwa kake nufi, wato jin cewa ɗawainiya ta fi ƙarfin mutum a watan da ya wuce, ka rubuta haka ka tsaya a kai. Jimla ta biyu ita ce hasashenka tare da inda ya fuskanta: yayin da makin damuwa ke hawa, awannin barci suna raguwa. Ka sa kwanan wata, ka nuna wa malamin da ke duba aikinka. Amfanin wannan zai bayyana a gaba, lokacin da kwamfuta ta zubo maka lambobi da yawa, zuciya ta fara sha'awar ɗaukar wadda ta fi kyau.

A nan ne kuma za ka jera abubuwan da ka iya shafar damuwa da barci a lokaci guda: shekaru, jinsi, awannin aiki, yawan yara ƙanana a ɗaki, shayarwa, ciwo mai tsanani, bashi ko zubin adashi. Abin da ba ka tambaya ba yau, ba za ka iya cire tasirinsa gobe ba.

Aron ma'auni da fassara shi

Idan akwai ma'aunin da aka riga aka gwada, ka are shi. Na matsin rayuwa akwai PSS, wanda Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka fitar a 1983 da tambayoyi 14, daga baya aka taƙaita shi zuwa 10. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 4, jimla daga 0 zuwa 40. Na alamomin baƙin ciki akwai PHQ-9. Ka duba sharuɗɗan amfani da kowane ma'auni kafin ka buga shi, domin wasu sai da izini ko biyan kuɗi.

Fassara ita ce inda aikin Zango ya bambanta da na harabar jami'a. Hanyar da aka saba tun rubutun Richard Brislin na 1970 ita ce mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani daban wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, sannan a zauna a gwada biyun. Ya fi kyau masu fassarar farko su zama biyu, kowa ya yi tasa, a haɗa. Amma wannan hanya tana kama kuskuren ma'ana ne kawai. Ba ta gaya maka ko mai sayar da hatsi a Aboabo za ta gane jimlar. Hausar Zango ba ta Kano ba ce. Da yawa daga masu jin ta Dagomba ne, ko Mosi, ko Zabarmawa, ko Kotokoli, ko Wangarawa, waɗanda Hausa ta zame musu harshen kasuwa da maƙwabtaka. Fassarar da aka yi a Zariya ko Sakkwato, ko da an gwada ta can ta yi kyau, sai an sake gwada ta a nan, kuma aƙalla ɗaya daga masu fassarar ya zama ɗan Zango haihuwa da girma.

Sai babban al'amari: Hausa ba ta cikin harsunan Ghana goma sha ɗaya da gwamnati ta ɗauka don koyarwa a makarantu. Mutum zai iya jin Hausa kamar ruwa amma bai taɓa karanta ta a rubutun boko ba. Wani ya fi sabawa da haruffan Larabci na makaranta, wani da Turanci. Don haka ka tsara takardarka a matsayin abin da za a karanta wa mutum da baki. Wannan ya shafi tsawon jimla, da yawan zaɓin amsa, da wanda zai yi tambayar.

Rubuta tambayoyin

Tambaya ɗaya, abu ɗaya. "Kuna samun barci mai yawa kuma mai daɗi?" tambayoyi biyu ne. Wadda ke kwana awa takwas tana farkawa sau biyar ba ta da amsar da za ta bayar, duk abin da ta faɗa kuwa ba ka san wane ɓangare ta amsa ba. Raba su.

Ka sa iyakar lokaci a kowace tambaya, kuma ka ɗaure ta da abin da mutane ke lissafi da shi. "Daga Juma'ar da ta wuce zuwa yau" ya fi "kwanan nan" nesa ba kusa ba. Idan ma'aunin da ka aro ya ce wata ɗaya, ka bar shi wata ɗaya.

Kada ka tambayi mutum awa nawa yake barci. Kaɗan ne ke ƙirgawa, kuma za ka tara amsoshin "shida" da "takwas" waɗanda zato ne kawai. Ka tambaya daki-daki: "Hajiya, jiya bayan Isha da kamar ƙarfe nawa kuka kwanta? Kun daɗe kafin barci ya ɗauke ku? Ƙarfe nawa kuka tashi? Bayan Asuba kun koma? Da rana kun ɗan kishingiɗa?" Kai ne za ka haɗa awannin daga baya. Lokutan salla a Kumasi ba sa sauyawa sosai a tsawon shekara saboda kusancin garin da tsakiyar duniya, shi ya sa suke da amfani a matsayin turakun lokaci. Barcin bayan Asuba da ƙailula kuwa, idan ka bar su, ka rage wa mutane da yawa awa ɗaya ko fiye, kuma ba daidai wa daida za ka rage wa kowa ba: mai koko da ke hura wuta tun kafin kiran salla ba ta komawa, mai shagon atamfa yana iya komawa.

Ka guji tambaya mai jan amsa. "Ba kwa ganin tsadar kaya na hana ku barci?" ta riga ta faɗi amsar da ake so, ta kuma cusa dalilin a ciki. Ka guji korewa biyu a jimla ɗaya, irin "Ba na jin cewa ba zan iya ba", domin a kunne ba ta warwaruwa.

Zaɓin amsa mai hawa biyar, wanda ake jingina wa Rensis Likert tun 1932, an yi shi ne don mai karatu da ido. Wanda ake karanta wa yakan riƙe na farko ko na ƙarshe ya manta na tsakiya. Dabaru biyu suna taimakawa. Ɗaya, kati mai hoton kofuna biyar, daga wanda babu komai zuwa cikakke, mai tambaya yana nuna kowanne yana faɗin sunansa: ko sau ɗaya, da wuya, wani lokaci, sau da yawa, kusan kullum. Biyu, a raba tambayar hawa biyu: a fara da "ya faru ko bai faru ba?", idan ya faru a tambayi yawansa. Duk wadda ka ɗauka, ka yi amfani da ita ga kowa, ka kuma bayyana ta a rahotonka, tunda ka sauya yadda aka saba gabatar da ma'aunin. Tambayar yawan faruwa ta fi ta "na yarda, ban yarda ba" aminci a nan, saboda dalilin da ke tafe.

Akwai ɗabi'ar amsa "e" ga duk abin da baƙo mai takarda ya faɗa, don girmamawa ko don a gama da wuri a koma ciniki. Illarta ga lissafin alaƙa babba ce. Idan ma'aunanka biyu duk an rubuta su ta fuska ɗaya, masu yawan cewa "e" za su sami maki mai yawa a duka biyun, masu taka-tsantsan su sami kaɗan a duka biyun, sai alaƙa ta bayyana wadda salon amsawa ne ya haife ta. Maganin da aka saba shi ne cakuɗa tambayoyi masu juyayyar fuska. A PSS mai tambaya 10, ta 4 da ta 5 da ta 7 da ta 8 haka suke. Sai dai ka juya ma'ana da kalma mai kyau, kamar "na ji al'amura suna tafiya yadda nake so", maimakon liƙa "ba" a jimlar da ta gabata. Mafi inganci kuma shi ne abin aunawa na biyu ya zo ta wata hanya daban, kamar awannin da aka lissafa daga lokacin kwanciya da tashi.

Sannan akwai kunya da tawakkali. Ka tambayi dattijo ko yana cikin damuwa, amsar ita ce "Alhamdulillahi", kuma gaskiya ya faɗa a ma'aunin imaninsa. Kai kuma abin da kake nema daban ne. Tambayi abin da ya faru: "Baba, a wannan watan, sau nawa tunanin kuɗin haya ko na makarantar yara ya tsaya muku a rai?" Gajeriyar gabatarwa irin "mutane da yawa sukan sami kansu a haka" tana sauƙaƙa amsa. Mace ta tambayi mata, namiji ya tambayi maza. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko a rumfar da maƙwabta ke jin komai, amsar da za ka samu ta jama'a ce. Ka nemi gefe, ko ka sa wani lokaci.

Tsarin takarda: fara da masu sauƙi, sa masu nauyi a tsakiya, bar kuɗin shiga da bashi zuwa ƙarshe. Kuɗin shiga a tambaye shi rukuni-rukuni na sidi, na rana ko na mako, yadda ɗan kasuwa ke lissafi. Duka hirar kada ta wuce minti 20 zuwa 25. Bayan haka amsoshi sukan koma iri ɗaya.

Gwaji kashi biyu

Na farko da mutum 8 zuwa 10 irin waɗanda za ka bincika. Karanta tambaya, bari su amsa, sannan ka ce: "Da bakinku, me na tambaye ku? Me kuka tuna kafin ku zaɓi wannan amsa?" Duk tambayar da mutum biyu ko uku suka fahimta daban, a sake ta.

Na biyu da mutum 30 zuwa 40, a cika takardar kamar gaske, a shigar da amsoshin, a lissafa alfa ta Cronbach, wadda ya bayyana a 1951. Tana nuna yadda tambayoyin ma'auni ɗaya ke tafiya tare. An saba karɓar 0.70 zuwa sama. Idan ta haura 0.95, wataƙila tambaya ɗaya kake maimaitawa da kalmomi daban. Duba kuma alaƙar kowace tambaya da jimlar sauran (lambar alaƙa tana tsakanin −1 da +1, sifili na nufin babu alaƙa): wadda ta gaza 0.30 abar zargi ce, wadda ta fito da alamar ragi kuwa kusan kullum mantawa aka yi ba a juya makinta ba. Alfa mai kyau ba ta tabbatar da cewa damuwa kake aunawa. Tana cewa ne kawai tambayoyin sun yarda da juna. Idan da hali, koma wurin mutum 20 bayan mako biyu ka sake tambayarsu, ka ga ko makin ya tsaya kusa da inda yake.

Dalilin wannan wahala lissafi ne tsagwaronsa. Charles Spearman ya nuna tun 1904 cewa kuskuren awo yana rage alaƙa: abin da za ka gani daidai yake da alaƙar gaskiya sau tushen murabba'in amincin ma'aunan biyu idan an ninka su. Aminci a nan shi ne yadda ma'auni ke ba da sakamako mai tsayawa, irin abin da alfa ke nunawa. A ce alaƙar gaskiya 0.50 ce, kowane ma'auni amincinsa 0.60. Abin da zai fito maka 0.30 ne. Da amincin ya kai 0.85 kowanne, da ka ga kusan 0.43.

Mutum nawa, kuma su wane ne

Yawan mutane ya dogara da ƙanƙantar alaƙar da kake son kamawa. A bisa sharaɗin da aka saba, wato matakin 0.05 ta fuska biyu (kasadar kashi 5 cikin 100 ta ganin alaƙa inda babu ita) da damar gano alaƙar da ke nan kashi 80 cikin 100, alaƙar 0.50 tana buƙatar kimanin mutum 29, ta 0.30 kimanin 85, ta 0.20 kimanin 194, ta 0.10 kusan 780. Manhajar G*Power kyauta ce, tana yin wannan lissafi. A binciken halayya alaƙar 0.50 ba ta cika samuwa ba, don haka shiri a kan 0.20 zuwa 0.30 ya fi hankali. Schönbrodt da Perugini sun nuna a 2013 cewa lambar alaƙa takan daina tangaɗi ne idan mutane sun kai wajen 250. Ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 saboda takardun da za su lalace.

Yadda ka zaɓe su ma yana taɓa sakamakon kai tsaye. Idan ka tura fom ta WhatsApp, matasa masu karatu ne za su cika, shekarunsu da yanayinsu kusan ɗaya. Idan mutanen duk sun yi kama da juna a abin da ake aunawa, alaƙa takan ƙanƙance ko ta ɓace, ko da tana nan a cikin al'umma. A kasuwa, ƙirga rumfuna layi-layi, zaɓi lambar farawa da ƙuri'a, sannan ɗauki kowace ta biyar ko ta goma. Rubuta yawan waɗanda suka ƙi. Ka zagaya a lokuta daban-daban, domin wadda ciniki ya fi yi wa yawa, wato wadda ƙila ta fi kowa gajiya, ita ce za ta ce ka dawo anjima.

Kada tattara bayanan ya ratsa watan azumi. Sahur da tarawihi da tahajjud suna sauya barcin unguwa gaba ɗaya. Rabin takardu kafin Ramadan rabi a cikinsa bincike biyu ne aka cakuɗa. Haka makon Salla. Ka sa tambaya ɗaya a kan ko an ɗauke wuta a daren jiya, domin a watannin zafi ɗaki ba fanka yana hana barci ba tare da wata damuwa ba.

Kafin duk wannan sai izini. A KNUST akwai kwamitin ɗa'ar bincike da ake kira CHRPE, Legon tana da nata, Hukumar Lafiya ta Ghana ma haka idan aikin ya shafi asibitocinta. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, ta hau kanka: suna da lambar waya a ajiye su daban da amsoshi, takarda ta ɗauki lamba kawai. Gaisuwa wurin sarkin unguwa da liman da shugabannin kasuwa tana buɗe ƙofa, amma yardarsu ba ta maye gurbin yardar mai amsawa. A karanta masa bayanin da Hausa, ya sa hannu ko ya dangwala, ya san yana iya tsayawa ko'ina. Idan akwai tambaya a kan tunanin cutar da kai, kamar ta ƙarshe a PHQ-9, dole ka shirya tun farko inda za ka tura wanda ya amsa da "e", misali sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin da ke kusa.

Shigar da bayanai

Manhajar cika fom ta KoboToolbox tana aiki a waya ba intanet, tana kuma hana shigar da lambar da ta fita iyaka. Idan takarda ka yi amfani da ita, mutum biyu su shigar daban-daban a gwada, ko aƙalla a sake duba kashi 10 cikin 100. Layi ɗaya mutum ɗaya, kowace tambaya da ginshiƙinta. Kada ka shigar da jimla kawai.

Kurakurai uku ne suka fi ɓata aiki a nan. Na ɗaya, lambar 99 da aka sa a gurbin amsar da babu, aka manta ba a gaya wa manhaja ba. Sai ta ɗauka wani yana barcin awa 99, mutum ɗaya ya rusa lissafin duka. Na biyu, juya maki: a ma'aunin 0 zuwa 4 sabon maki shi ne 4 a cire tsohon, a na 1 zuwa 5 kuwa 6 a cire tsohon. Yi shi a sabon ginshiƙi, kada ka taɓa na asali, don kada a juya sau biyu. Na uku, haɗa jimlar wanda ya tsallake tambayoyi: makinsa zai yi ƙasa ba don damuwarsa kaɗan ce ba. Idan abin da ya tsallake bai wuce biyu cikin goma ba, ɗauki matsakaicin waɗanda ya amsa ka ninka da goma. Idan ya wuce, bar shi a wannan ma'aunin.

Zane kafin lissafi

Yi zanen ɗigo-ɗigo: damuwa a kwance, barci a tsaye, kowane mutum ɗigo ɗaya. Francis Anscombe ya tsara rukunin alkaluma huɗu a 1973, kowanne da ɗigo 11, dukkansu alaƙarsu kusan 0.82, amma a zane ɗaya miƙaƙƙen layi ne mai warwatsi, ɗaya lanƙwasa, ɗaya layi ne da bare guda, na ƙarshe kuwa ɗigo ɗaya tak ne ya ƙirƙiro alaƙar. Abin da za ka duba ke nan. Shin ɗigon sun bi miƙaƙƙen layi? Idan sun yi baka, misali masu damuwa sosai wasu ba sa barci wasu kuma suna wuce kima, lambar za ta iya fitowa kusa da sifili alhali alaƙa na nan. Akwai wanda ya ware can shi kaɗai? Koma takardarsa. In kuskuren shigarwa ne, gyara. In gaskiya ne, kada ka goge shi a ɓoye, lissafa da shi da kuma ba shi, ka kawo duka biyun. Sannan ka ba maza da mata launi daban. Wani lokaci gungu biyu ne kowanne ba alaƙa a cikinsa, bambancin da ke tsakaninsu ne ya ja layin.

Lissafin kansa

Ma'aunin Pearson, wanda ake rubutawa r, yana tsakanin −1 da +1. Yana da kyau ka yi shi da hannu sau ɗaya. Mutum biyar, makin damuwa 10, 14, 18, 22, 26. Awannin barci 8, 7, 7, 5, 3. Matsakaicin damuwa 18, na barci 6. Nisan kowa daga matsakaici: −8, −4, 0, 4, 8 a damuwa, 2, 1, 1, −1, −3 a barci. Ninka na kowane mutum: −16, −4, 0, −4, −24, jimla −48. Ninka kowane nisa da kansa ka tara: 160 a damuwa, 16 a barci. 160 sau 16 ya ba da 2560, tushen murabba'insa 50.6. Raba −48 da 50.6, r ta zama −0.95. Alamar ragi tana nufin ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Ba ta nufin rauni.

Pearson ya dace da jimlar maki da awanni, idan zanen ya miƙe kuma babu bare mai ja. Idan abin aunawar tambaya ɗaya ce mai hawa biyar, ko matakin karatu, ko kuɗin shiga da ya karkata gefe guda, ko akwai bare na gaskiya, ɗauki na Spearman, wanda ke aiki da jerin matsayi. Ƙabila, unguwa, ko irin sana'a ba sa shiga wannan lissafi ko da ka ba su lambobi, domin 3 a nan ba ta fi 1 ba. A manhajar lissafi ta SPSS hanyar ita ce Analyze, Correlate, Bivariate. Jamovi da JASP kyauta ne kuma suna bayar da tazarar amincewa, wato iyakokin da ake sa ran alaƙar gaskiya tana cikinsu, da danna akwati ɗaya. A manhajar R umarnin cor.test ne. CORREL na Excel yana ba da r kaɗai.

Karanta abin da ya fito

A ce mutum 120 ne, r ta fito −0.35. Abu uku za ka karanta. Girma: bisa mizanin Jacob Cohen na 1988, 0.10 ƙarama, 0.30 matsakaiciya, 0.50 babba, kuma shi kansa ya ba da shi ne don inda babu abin gwadawa mafi kyau. Ninka r da kanta ka sami 0.12, wato kusan kashi 12 cikin 100 na bambancin barci tsakanin mutanen ne ke tafiya da damuwa. Sauran 88 suna wani wuri. Tazarar amincewa ta kashi 95: a nan daga −0.50 zuwa −0.18, kuma ita ce ke nuna iyakar abin da ka sani. Sai ƙimar p, wato yiwuwar samun alaƙa mai wannan girma bisa sa'a kawai idan a gaskiya babu alaƙa. A nan ta gaza 0.001. Ita p tana bin yawan mutane: da mutum 30 sai r ta kai 0.36 kafin ta tsallake gwajin, wato p ta sauko ƙasa da 0.05, da mutum 1000 kuwa 0.07 ma ta tsallake, ga ta ba ta da wani amfani a aikace. Rashin tsallakewa da mutane kaɗan kuma ba hujja ba ce cewa alaƙa babu.

Hattara da babban jadawali. Abubuwa 10 suna ba da alaƙa 45; ko da babu komai a tsakaninsu, kimanin biyu za su fito da tauraro, alamar da manhaja ke sa wa wadda p ɗinta ta gaza 0.05, bisa sa'a kawai. Nan ne jimlar da ka rubuta tun farko take aiki: ita ce gwajinka, sauran kuma ka kira su lalube, ko ka tsaurara matakin ta hanyar Bonferroni, wato 0.05 a raba da yawan gwaje-gwajen.

Saura tambayar dalili. Alaƙar −0.35 ta yarda da labari uku: damuwa na hana barci, rashin barci na ƙara jin matsi, ko wani abu na uku yana jan su duka. Ɗauki awannin aiki. A ce alaƙarsu da damuwa 0.50 ce, da barci −0.50. Don cire tasirinsu, ninka biyun ka sami −0.25, cire shi daga −0.35 ya rage −0.10, sannan raba da 0.75, wato tushen murabba'in 0.75 sau 0.75, inda kowane 0.75 ya fito daga 1 a cire 0.25. Alaƙar ta sauko zuwa −0.13. Yawancin abin da ka gani tun farko doguwar ranar kasuwa ce. Wannan lissafi yana cire abin da ka auna ne kawai, kuma gwargwadon kyawun awon. Bayanan da aka tara a zama ɗaya ba sa nuna wanne ya riga wanne. Mai son kusantar wannan amsa sai ya koma wurin mutanen nan bayan wata uku ko shida ya sake aunawa.

A rahoto, kawo yawan mutane, matsakaici da warwatsin kowane ma'auni, alfa da aka samu a wannan samfurin da wannan fassarar, irin alaƙar da aka lissafa da dalilin zaɓenta, da zanen. Sakamakon a rubuta shi haka: r(118) = −.35, p < .001, tazarar amincewa −.50 zuwa −.18, lambar 118 ita ce yawan mutane a cire 2. A jimlar bayani ka ce masu makin damuwa mai yawa sun fi ba da rahoton gajeren barci, ka bar kalmomin "yana haifar da" da "yana jawo". Ka faɗi cewa 'yan kasuwar Aboabo da Asawase ne aka tambaya, a wane wata, da baki, da Hausar Zango, sannan ka liƙa fassarar a ƙarshen kundin domin mai bincike na gaba a unguwar Nima ta Accra ko a Tamale ya sami abin da zai fara gwadawa.